Baƙar Wayar Jirgin Baba Magaji

Ku matso. Talle, saki rigata mana, tun ban fara ba kake rawar jiki?

Kun san Barau, abokina mai sayar da rake a bakin tasha? To a da mai gyaran wutar mota ne, gwani kuwa. Sai dai taurin kai, Allah ya sawwaƙe.

Wani tsoho a Yawuri, Baba Magaji, ya kira shi ya sa wa jirginsa na ruwa agogon batir, wanda ke nuna sauran wuta. Ƙa'idar aikin ita ce duk baƙar waya sai ta bi ta wani ɗan ƙarfen awo kafin ta kai batir. In ɗaya ta kauce, agogon ƙarya zai yi.

Barau yana cikin aiki ya ga wata tsohuwar baƙar waya, ta bi gefen katako ta nutse cikin ruwa ta bayan jirgin.

"Baba, wannan fa?"

"Bar ta yadda ka gan ta, yaro."

"Za ta ɓata awo."

"Na ce bar ta."

Aka kira magariba, tsoho ya hau tudu salla. Barau ya yi tsaki, ya kwance notin da ya ɗaure wayar, ya zare ta daga batir. Shi ga injiniya!

Kwaɗi suka yi shiru. Gaba ɗaya.

Ya ɗaga kai. Gaɓar kogi ta yi nisa. Igiyar jirgin na nan a naɗe cikin jirgi, kamar wani ya kwance ta a tsanake. Barau kuwa ɗan tudu ne, ko a kududdufi bai iya iyo ba. Ya murɗa makullin inji. Ko tari bai yi ba.

"Sannu da aiki, ɗana."

Wata tsohuwa ce zaune a bayan jirgin. Muryarta kamar mai magana a cikin randa. Zanenta a bushe, amma ruwa na ɗiga daga ƙafafunta. Ya haska tocila. Babu yatsu. Tafin a shimfiɗe yake, da fata irin ta agwagwa.

"Wa ya kashe mana fitila?"

"I... Iya, kuskure ne."

"Jikokina ba sa gani a duhu. In ba su ga fitila ba, ba su san jirgin gida ba ne."

Wani abu ya bugi ƙasan jirgin. Ƙwas! Ya sake. Jirgin ya karkata, ruwa ya fara shigowa ta gefe.

Wallahi nan Barau ya tuna da Allah. Ya sa tocila a baki, ya rarumi wayar, ya ɗora a kan batir. Notin ya kuɓuce, ya yi tsalle, tsundum cikin kogi.

Jummala, ki daina leƙen ƙofa, ba kowa.

Ya tsaya yana kallon ruwan, yana kuka kamar yaron goye. Sai ga ɗan ƙaramin hannu ya fito daga ruwa, riƙe da notin.

"Karɓi," in ji tsohuwar. "Kada ka kalli ƙasa."

Ya karɓa da hannun dama. Sanyin ya ratsa shi har ƙashi. Ya ɗaure notin da yatsu, ko sifana bai nema ba. Wani haske ya kama a ƙarƙashin ruwa. Bugun ya tsaya. Da ya waiga babu kowa, sai jiƙaƙƙen katako.

Jirgin da kansa ya koma gaɓa. Baba Magaji na tsaye da carbinsa.

"Ka taɓa wayar ko? Ubana da fitilar ƙwai yake kunna musu, ni na mayar da ita kan batir. Nuna hannunka."

Tafin na tsatstsafar ruwa. Ya goge da riga, ya sake jiƙewa.

Har yau bai bushe ba. Ya za a yi mutum ya kama wayar wuta da jiƙaƙƙen hannu? Dole ya bar sana'ar da yake ji da ita, abin tausayi. Gobe in kun je sayen rake, ku lura da hagu yake miƙo muku.

Kada ɗayanku ya kuskura ya zauna cikin jirgi shi kaɗai da magariba. Wayar da ba kai ka ja ba kuma, kada ka zare ta.