Tamaki da Mai Keken Ja

Sau biyu bas ya zagaya da Tamaki Miyara cikin garin Kanazawa kafin ta gane mai bin ɗaya hannun ya kamata ta hau. Ba ta ji haushi ba, don ta taga ta ga abubuwa da yawa da take son tambaya, sai dai direban ba mai magana ba ne. Da ta gaji ta sauka a bakin gadar kogin Asano. Ana yayyafi, ba ta da lema, taswirarta ta jiƙe sharkaf.

A ƙarshen gadar wani saurayi yana tsaye kusa da kekensa na ja, irin mai manyan ƙafafu biyu da rumfa, wanda mutum yake shiga tsakanin sandunansa ya ja da ƙarfinsa. Shuhei Koshino ke nan, shekararsa ta huɗu yana yawo da baƙi a tsohuwar unguwar gidajen shayi. Ya rusuna ya gaishe ta, sannan ya gaya mata cikin ladabi cewa taswirar a juye take riƙe da ita.

Ta dubi keken, ta dube shi. Ta tambaye shi nauyin keken, da dalilin da ya sa takalminsa ya rabu biyu a wajen babban yatsa, da ko ya taɓa kifar da mutum. Ya amsa biyun farko, ya yi dariyar ta ukun. Ta hau, ya rufa mata jan bargo a ƙafa.

A hanya ya ji cewa malamar firamare ce daga tsibirin Ishigaki, can kudu inda rake yake girma shekara duk, kuma hutun kwana uku ta samu. Ba ta yi shiru na minti ɗaya ba. Me ya sa titunan suke lanƙwashewa kamar ba sa son a isa? Me ya sa aka ɗaure rassan itatuwa da igiyoyi? Duk ya amsa yana gudu, don amsoshin a bakinsa suke. Ya tsaya a wani siririn lungu mai matakalar dutse, inda ake jin ƙarar kogi ba a ganinsa, ya sassauta murya ya ce wannan wurin ba kowa yake nuna wa ba. Maganar ta yi wa Tamaki daɗi har ranta.

Sai ta hango busasshiyar masara a rataye a ƙofar wani gida, da na gaba, da na gabansa. Ya ce ta neman albarka ce, daga haikalin kan tudu ake karɓo ta duk bazara.

“To me ya sa masara? Ga shinkafa a garinku har ta yi yawa.”

Shuhei ya ɗaga kai ya dubi ƙofar. Shekara huɗu yana wucewa ƙarƙashin masarar nan.

“Ban sani ba, Malama,” ya ce. “Amma in kin ba ni lambarki zan tambayo.”

Tana filin jirgi saƙon ya shigo:

“Mama ta ce ƙwayoyinta masu yawa yawan zuri'a ne, gashinta kuma yana kore sharri. Ta kuma ce abin kunya ne ɗan garin nan bai sani ba sai da baƙuwa ta tambaya. Kin ja mini faɗa.”

Ta mayar masa: “Yi haƙuri. Ga wata: kifayen da na gani cikin magudanar ruwan unguwarku, ina suke zuwa in ruwa ya yi sanyi?”

Haka suka cinye lokacin sanyi. Ita ta tambaya, shi ya bi tsofaffin kasuwar Omicho da masu gyaran lambu yana nemo amsa. Ranar da dusar ƙanƙara ta fara sauka ya ɗauko mata hotonta a kan rumfar kekensa. Ta nuna wa 'yan ajinta, suka aiko da tambayoyi goma sha ɗaya, har da ko ana iya cin ta. Ya daina ce mata Malama, ya koma kiranta Tama-chan, irin kiran shaƙuwa na can. Ita kuma ta sa masa suna Dokina, tana tsokanarsa ko ya ci ciyawarsa yau.

A watan Janairu ya rubuto: “Yau ni zan yi tambaya. In na ce kullum da na wuce gadar nan sai na duba ko kina tsaye, za ki yi mini dariya?”

“Zan yi,” ta rubuta. “Amma kada ka daina dubawa.”

Da maganar ta isa gidajen biyu, babu inda aka yi murna. Mahaifiyarsa Fumie, mai sayar da kayan lambu na tsami a kasuwa, ta ce yarinyar da ba ta taɓa sa safa biyu ba ba za ta yi sanyi ɗaya a nan ba, ta ga irinsu sun zo da fara'a sun koma da akwati. Mahaifin Tamaki kuwa, manomin rake mai faɗin kafaɗa da ciwon gwiwa, ya ajiye sandunan cin abinci ya ce bai yi renon 'ya tilo don ya miƙa ta ga mai jan mutane a titi ba. In ƙafafun suka gaji, me za su ci? Ga Genta nan, mai tuƙa jirgin ruwa tsakanin tsibirai, an san uwarsa an san ubansa, kullum yana aiko da kifi. Tamaki ta ce Genta mutumin kirki ne, amma shekara ashirin da sanin juna ba ta taɓa jin tana son sanin abin da yake tunani ba.

A hutun ƙarshen zango ta hau jirgi ba ta gaya wa Shuhei ba. Wannan karon ta hau bas ɗin daidai. Ba ta same shi a gada ba, sai ta bi hanyar da suka bi da ƙafa, tana riƙe da ƙullin baƙin sukarin gonarsu da ta kawo masa. Daga saman matakalar dutsen ta hango keken a lungun, da wasu 'yan mata biyu a ƙarƙashin jan bargon. Shuhei ya sunkuya kusa da su, ya sassauta murya, ta ji shi sarai.

“Wannan wurin ba kowa nake nuna wa ba.”

'Yan matan suka kama baki suna dariya. Ya ɗago ya gan ta. Bai iya sakin sandunan ba, don da ya saki sai keken ya kife da fasinjoji. Yana tsaye yana kallo ta ajiye ƙullin a kan matakala ta juya.

Saƙonninsa suka biyo ta har tsibiri. “Maganar aiki ce, Tama-chan. Da ita aka koya mana sana'ar. Kowa yana faɗa.”

Sau ɗaya ta amsa: “Na gane. Abin da ban sani ba shi ne, cikin sauran abin da ka gaya mini, wanne ne na aiki.”

Daga nan ta yi shiru. Tana zuwa makaranta tana dawowa. Genta ya gayyace ta cin abinci ta je, ta zauna ta ci ta yi godiya. Mahaifinta ya kamata ya ji daɗi, amma bai ji ba. 'Yar da tun tana shekara uku take hana shi shan shayi da me ya sa, me ya sa, yanzu sai ta zauna a gabansa a ci a tashi ba ta tambayi komai ba. Ranar da wani baƙon tsuntsu ya sauka a bakin gona ta kalle shi ta ɗauke kai, dattijon ya shiga ɗaki ya ciro jakarsa. Ya ce taron manoma zai je.

Da hantsi, furannin bakin kogi sun fara zuba, wani ƙaton dattijo mai ɗingishi ya tsaya gaban Shuhei ya ce a zagaya da shi duka unguwar, har kan tudu. Shuhei ya kafa masa matashi a ƙarƙashin gwiwar ba tare da an roƙe shi ba, ya ja. Dattijon bai yaba komai ba. Ya ce gidajen sun yi duhu, titunan sun yi ƙunci, garin yana warin ruwa. Da suka iso lungun matakala Shuhei ya tsaya ya ce a nan ake jin kogi.

“An ce akwai wurin da ba kowa kuke nuna wa ba,” in ji dattijon.

“Nan ne, Baba. Amma kowa nake kawowa. Na daina faɗin waccan maganar.”

Dattijon ya tambayi dalili. Shuhei ya goge gumi, ya ce ya faɗa wa wata wadda ba ta cancanci a yi mata ƙarya ba, ko da ƙaramar ƙarya ce ta sana'a, kuma bai san yadda zai nuna mata sauran gaskiya ne ba. Dattijon ya tambaye shi shekara nawa ƙafafun nan za su ƙara yi. Ya ce goma in an yi sa'a, shi ya sa yake karatun jarrabawar masu jagorantar baƙi, kuma shi yake horar da sabbin masu ja. Ya ce da can hadda kawai yake zubawa, yarinyar nan ce ta sa ya fara sanin garinsa.

A kan tudu sai da aka sauka aka hau matakala. Gwiwar ta ƙi. Shuhei ya durƙusa ya ba shi baya, dattijon ya yi gardama, daga baya ya hau. A saman, garin duka a shimfiɗe a ƙasansu, ya ciro waya ya danna, ya miƙa wa Shuhei.

“Sunana Miyara,” ya ce. “Yi mata magana. Na gaji da cin abinci da bebiya.”

Shuhei ya kara wayar a kunne. Muryar Tamaki ta fito tana tambayar Baba ina yake, ya sha maganinsa?

“Ni ne, Tama-chan. Babanki yana nan lafiya, yanzu na sauke shi daga bayana.”



“Daga bayanka? Me ya kai Baba Kanazawa? Wa ya nuna masa bas? Ya ci abinci kuwa? Shu-chan, kilo tamanin da bakwai ne fa, bayanka lafiya?”

Dattijon da yake jiyo ta daga nesa ya juya yana kallon gari, yana share ido da bayan hannu.

Saura Fumie. Ita ba a shawo kanta da magana ba. Tamaki ta zo hutun ƙarshen shekara, ta yi kwana goma a rumfarta ana tsakiyar sanyi, hannu cikin ruwan gishiri. Yatsunta suka tsage, hancinta ya yi ja, ba ta fasa tambaya ba: gishiri nawa, kwana nawa, wa ya koya miki? Shekara talatin Fumie tana wannan aiki babu wanda ya taɓa tambayarta wa ya koya mata. Ta ba da labarin surukarta, da yadda ita ma daga wani gari aka kawo ta, ta yi sanyin farko tana kuka a bayan tukwane. A rana ta goma ta cire safar hannunta ta sa wa Tamaki, ta ce wa maƙwabciyar rumfa, ga matar Shuhei, ki daina sayar mata da tsada.

Genta ya ji labari ya aiko da kifi mafi girma da ya taɓa aikowa, da takardar fatan alheri.

An yi bikin da kaka, bayan Tamaki ta samu makaranta a Kanazawa. Bisa al'adar garin, amarya takan zo da ruwan gidansu a haɗa da na gidan miji. Miyara da kansa ya ɗebo shi daga rijiyar gonar rake, ya yi rigima da ma'aikatan filin jirgi a kansa, ya iso da shi cikin gorar gora. A ƙofar gidan Koshino aka zuba ruwan biyu a ƙaramin kofin ƙasa. Tamaki, cikin fararen kaya masu nauyi, ta karɓa da hannu biyu ta sha. Aka buga kofin da ƙasa ya tarwatse, kamar yadda al'adar ta tanada.

Shuhei ya matso ya tambaye ta a hankali ko da bambanci a ɗanɗanon. Ta ce ta nema ba ta samu ba.

Miyara ya kama hannun 'yarsa ya ɗora a kan na Shuhei. Ya shirya dogon jawabi tun daga tsibiri, amma da ya buɗe baki kaɗan ne ya fito. Ya ce su zauna lafiya, su tsufa tare, gidansu ya cika da yara, kuma duk shekara a kawo masa su lokacin yankan rake, wanda yake faɗowa cikin sanyi. Fumie ta amsa da cewa sai dai a dawo mata da su kafin sanyi ya wuce. Jama'a suka yi dariya, aka ɗaga labulen ƙofa, amarya ta sunkuyar da kai ta shiga gidanta.