Abin da Garanda Ta Ci

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Injiniya ta baje kwalayenta a kan teburin falo. Ba injiniya ba ce. Laƙabi ne da yayanta ya maƙala mata tun tana ƙarama saboda yawan kwance rediyon gidan da take yi, ya kuma rasu shekara shida da suka wuce ya bar ta da sunan. Sana'arta haɗa bidiyo da zane a kwamfuta, in ta gaji ta buga wasan tseren mota har sai Umma ta yi magana. Duk abin da take ci take sha, hannunta na dama ne ke kawo shi.

Wata huɗu ta yi tana zaɓen kayan sabuwar kwamfutar nan, da littafi da biro, kamar mai shirin jarrabawa. Ta tabbatar firosesa, wato ƙwaƙwalwar injin, za ta zauna daram a gurbinta a kan madabod, babban faifan da kowane kaya ke hawa kansa. Ta mayar wa mai shago ram, ɗan katin da ke riƙe aikin da injin ke kan yi, wanda ya so ya cusa mata, don tsagarsa ba ta dace da ramin ba. Ta lissafa wutar da katin hoto zai sha, ta sayi fawa, wato na'urar raba wa injin wuta, mai ƙarfin da ya zarce haka. Abu ɗaya ne ba ta saya ba, shi ne akwatin da za a zuba komai a ciki. Ta ce a tsohon akwatin kwamfutar yayanta za ta haɗa, wanda ke ɗakin shirgi tun rasuwarsa, ba wanda ya sake kunna shi. Ta auna komai, shi kaɗai ne zuciyarta ba ta bari ta ɗora wa tef ɗin awo ba.

Madabod ya zauna, fawa ta zauna. Da ta ɗauko katin hoton, wani zungureren abu mai fanka uku, sai ya ƙi shiga. Bakinsa ya tokare da wani kejin ƙarfe da ke kusurwar akwatin ta ciki, inda a da ake ɗaura ma'ajiyar bayanai. Tsawon da ya yi yawa bai wuce yatsa biyu ba.

Babanta na zaune yana kallo. Mai walda ne, shekara talatin yana sana'ar, kuma ya yi imani babu ƙarfen da ya isa ya yi masa gardama. Mutumin kirki ne, amma hannunsa kullum yana riga kansa isa wurin aiki.

"Baba, bari kawai in sayi wani akwatin gobe," in ji Injiniya.

"Saboda yatsa biyu? Kwashe kayanki ki ba ni shi."

Umma ta leƙo daga kicin. "Maigida, magariba ta kawo kai. Ka bari sai da safe mana."

"Minti ɗaya ne, ba gida zan rushe ba."

Ya fita da akwatin tsakar gida, ya jona garanda, injinsa na yankan ƙarfe. Bai kaɗe ƙurar shekara shidan ba, bai leƙa cikin kejin ba, ko bisimilla bai yi ba. Ya dai kafa faifan ya danna. Tartsatsi ya tashi, kuma a cikin ƙarar injin aka ji wata ƙara daban, siririya, irin ta jariri in aka datse masa yatsa da ƙofa. Kejin ya faɗo gefe. A bakin faifan akwai wani abu baƙi mai danshi.

"Tsohon mai ne," in ji Baba, ya goge a wandonsa. Ya jefa kejin a bayan mota cikin tarkacen da zai kai shago. Injiniya ta san babu mai a cikin akwatin kwamfuta, amma ta karɓi akwatin ta mayar da kayanta ciki.

Katin ya shiga. Ta danna maɓalli, fankoki suka juya, hoto ya fito tar. Baba na tsakiyar cewa "Ba na faɗa miki ba?" sai ƙwan fitilar falon ya tarwatse. Wani abu ya keto iska ya tsaga masa gira, jini ya rufe masa ido. Da Umma ta haska ƙasa da waya, sai ga ƙaramin noti irin na ɗaure kwamfuta yana juyawa a kan tayil. Ta taɓa shi ta yarfe hannu, don zafinsa kamar daga wuta aka ciro shi.

Washegari gidan ya yini lafiya lau, har Baba ya fara cewa wutar lantarki ce ta yi yawa. Amma da inuwa ta cinye tsakar gida, sai jifa ta soma sauka a kan rufi. Ba duwatsu ba ne, notuna ne da gutsattsarin ƙarfe, suna huda kwano suna faɗowa cikin ɗakuna. Madubin ɗakin Umma ya fashe. Kwamfutar da aka zare wa waya ta kunna kanta, fankokinta na kuka, kuma ƙarƙashin kukan ana jin shessheƙar yaro. Injiniya na zaune a gefen gado tana kallon hannunta na dama, wanda ya dunƙule ya ƙi buɗuwa.

A yammaci na uku ne abin ya fito fili. Tana tsaye a ƙofar kicin sai idanunta suka juye, wuyanta ya karye gefe guda. Baba ya matso yana kiran sunanta. Da hannu ɗaya ta shaƙe shi, ta ɗaga shi sama, yarinyar da ba ta iya ɗaukar buhun shinkafa, ta maka shi da firiji. Aka ji haƙarƙarinsa ya yi ƙas. Ta taka shi ta wuce tsakar gida, ta ɗauko garanda da hannun hagu. Wayar injin na jan ƙasa ba a jone ba, amma faifan ya fara juyawa. Ta durƙusa, ta shimfiɗa wuyan hannunta na dama a kan dandamalin ƙofa.

Umma ta yi kururuwa ta faɗa kanta. Faifan ya keta zanenta, ya zabge mata fatar cinya, amma ba ta saki ba. Suna birgima cikin jini aka kira sallar magariba a nesa, injin ya mutu, yarinyar ta sulale a sume. Iyayen suka ɗaure ta a kujera da igiyar shanya, suna ɗaurawa suna kuka.

Malamin da aka kira ya zo washegari bayan la'asar. Tsoho ne siriri mai tabarau, wanda bai san bambancin kwamfuta da talabijin ba, bai kuma damu ya sani ba. Ya sa aka ajiye akwatin a tsakar gida kusa da kujerar. Ya zauna a tabarma ya fara karatu a hankali, muryarsa ba ta hawa ba ta sauka. Gidan ya yi tsit, ko tsuntsu ba ya motsi a kan katanga.

Ba a jima ba igiyar ta tsinke kamar zare. Injiniya ta ɗago kai, amma muryar da ta fito ta tsohuwar mace ce, a dishe saboda kuka.

"Ka daina ƙona ni, tsoho. Ni aka zalunta."

"Wace ce ke, kuma me aka yi miki?"

"Shekara shida ina cikin akwatin can. Na same shi a yashe, duhu, shiru, ba mai taɓawa. A ciki na haihu. Ɗana a cikin kejin yake kwana." Ta nuna Baba da haɓa. "Wannan ya zo, bai yi sallama ba, bai ƙwanƙwasa ba, bai ambaci kowa ba. Ya cire wa yarona hannu daga nan."

Ta ɗaga wuyan hannun Injiniya. Baba ya sunkuyar da kai, yana dafe da haƙarƙarinsa.

"To ai ga wanda ya yi yankan," in ji Malam. "Me yarinya ta yi miki?"

"Ita ce mai littafi da biro. Ta auna wuta, ta auna rami, ta auna komai, gidana ne kawai bai kai a auna shi ba. Kuma so nake ya ji abin da nake ji. 'Yarsa a bakin ɗana. Kafin rana ta faɗi zan cire hannun."

Garandar da ke jingine a bango ta taso da kanta, ta faɗo cikin hannun hagun yarinyar. Malam bai ko ƙifta ido ba.

"Ina hannun ɗan naki yake?"

Muryar ta ce, "Yana maƙale a kejin da ya yar."

"In aka mayar da kejin inda yake, hannun zai koma?"

"In ya koma yadda yake, ba ragi ko ƙwayar gashi, zan ɗauki ɗana in tafi. Na rantse da wanda ya halicce ni da kai."

Baba bai jira a ce masa komai ba. Da karyayyen haƙarƙari ya tuƙa mota zuwa shago, ya kifar da durom ɗin tarkace, ya tona da hannu har ƙarafa suka yayyanke masa tafi. Ya dawo da kejin da injin walda, rana ta riga ta sauko kan katanga. Ya cire katin hoton da sauran kayan ciki ya miƙa wa Umma. Wannan karon ya yi bisimilla, har sau uku. Ya daidaita kejin, ya ɗiga wuta a hankali kamar mai ɗinkin ido. A shekara talatin bai taɓa yin walda mai kyan wannan ba.

Shessheƙar da ke cikin akwatin ta tsaya. Umma ta fara hamdala. Sai muryar ta sake tashi, a sanyaye, kuma sanyin ya fi ihun ban tsoro.

"Hannun ya koma. Amma yatsunsa ba sa rufuwa. Akwai abin da ba a mayar ba."

Malam ya dubi waldar ta cikin tabarau. "Ƙarya kike. Ga shi nan a haɗe, ko tsaga babu."

Da Baba ya yi shiru, da wataƙila karatun Malam ya ci gaba a kan cewa ƙarya take. Amma shi ya san sana'arsa, ya kuma gaji da kare kansa.

"Gaskiya ta faɗa, Allah gafarta Malam. Garanda in ta yanka, sai ta ci kaurin faifanta. Wannan ɗan abin da ta ci, ƙura yake zama, ya bi iska. Da sandar walda na cike gurbin."

"Wannan ƙarfenka ne," in ji muryar. "Ba naman ɗana ba ne. Kaurin faifan nan zan ɗauka daga nan, ba ƙari."

Yarinyar ta durƙusa, hannun dama ya shimfiɗu a kan dandamali, faifan ya fara juyawa.

"Ba a biyan ki da jinin mutum!" Malam ya daka tsawa, karo na farko da ya ɗaga murya. "Sake ta ko in ƙone ki ƙurmus!"

"Ƙone ni. Faifan ya fi ƙarshen ayarka kusa."

Malam ya ci gaba da karatu da ƙarfi, jikin yarinyar na karkarwa, hayaƙi na fita daga akwatin, amma hannun hagun bai daina saukowa ba. Baba ya ja gwiwa ya isa wurin. Bai yi kokawa da injin ba, don ya riga ya ɗanɗana ƙarfinta. Ya dai ɗora wuyan hannunsa na dama a kan na 'yarsa ya rufe shi ruf.

"Ni na yanka," ya ce. "Ki duba da kyau, wannan ne hannun."

Faifan ya tsaya cak a sama. Idanun da ba na 'yarsa ba suka daɗe suna kallonsa. Sannan ya sauko sau ɗaya, a tsanake, kamar yadda gwani ke yi. Jini ya yi tsiri ya bugi bango. Baba bai yi ihu ba, sai wani gurnani da ya fito daga cikinsa.

"Mun yi daidai," in ji muryar. "Tsoho, ka kai gidana inda ba mai garanda."

Injin ya mutu ya faɗi. Injiniya ta yi atishawa uku, ta buɗe ido ta ga jinin ubanta yana bin yatsunta, yatsun da suka buɗe a karon farko cikin kwana uku. Malam ya naɗe akwatin a tabarmarsa ya fita da shi, bai taɓa faɗa wa kowa inda ya kai shi ba.

A asibiti an ɗinke hannun. Likita ya ce bai taɓa ganin yanka mai tsabta haka ba, sai dai wani ɗan yanki na jijiyar ya ɓace, an ja an ja bakin biyu sun ƙi haɗuwa. Hannun yana nan, amma yatsun ba sa rufuwa. Ko cokali ba ya riƙewa, balle sandar walda.

Bayan wata biyu aka kawo sabon akwati, wanda Injiniya ta zaɓa bayan ta rubuta tsawonsa da na katin a littafinta. Da hantsi ta buɗe kwalin a kan teburin falo. Kafin ta taɓa, Baba ya matso, ya ƙwanƙwasa gefen akwatin da hannun hagu, ya sunkuya ya yi sallama a cikinsa. Sabo ne fil, ledarsa ma ba a cire ba, amma ba wanda ya yi dariya.

Ya danne bakin tef da bayan mataccen hannunsa, ita ta ja.

"Akwai sarari, Baba. Har da ragowar yatsa huɗu."

"Sake aunawa."

"Sau uku ke nan fa."

"Ki yi na huɗu."

Ta yi na huɗun. Sannan ta ɗauki sukundireba, yatsunta biyar suka rufu a kanta gam, shi kuwa ya koma kujera ya zauna yana kallonsu har ta gama ɗaure noti na ƙarshe.