Bindigar Karai Epifanio da Mai Ƙishirwa

Rana ta yi ja tana shirin faɗawa bayan kogi, zafi bai sauka ba tukuna, mutanen gidan Karai Epifanio suka fito da kujeru ƙarƙashin mangwaro kamar kullum. Karai a harshenmu laƙabin girmamawa ne na namiji, kamar a ce Malam, na mace kuma Ña. Ni ce amaryar gidan, matar ɗansa Wilfrido, watana biyar da tarewa, don haka gefe nake zama ina ɓare rogo. Zunilda, autar gidan, 'yar shekara goma sha bakwai, ita ce mai zuba mana terere, shayinmu na ruwan sanyi. Ta cika ƙoƙon ƙaho da ganye, ta soka bututun ƙarfe, ta tsiyaya ruwan sanyi daga buta.

Zubin farko ganye ne ke shanye shi, mu kuwa cewa muke Waliyyi Toma ne ya sha rabonsa. Ta sake zubawa, ruwan ya ɓace. Ta zuba na uku, na huɗu, ƙoƙon bai ko jiƙe ba.

"Waliyyin nan daga gona ya dawo yau," in ji Wilfrido.

"Rufe mini baki, kada ka ja mana saɓo," in ji surukata, Ña Casilda.

Buta ta ƙare babu wanda ya sami kurɓi. Zunilda ta kife ƙoƙon, ganyen ya zubo a bushe ƙamas kamar toka. Kaji suka yi shiru a kan reshe. Can nesa ƙararrawar coci ta buga, kafin ta rufe baki dutse ya faɗo a kan kwanon ɗaki, ya gangaro a hankali, ya tsaya a gaban ƙafar Karai Epifanio. Ba dutsen garinmu ba ne. Curin farar ƙasa ne busasshe, da ƙaya a jikinsa. Na ga ya dube shi, ya dubi ƙofar ɗakinsa, sannan ya sa takalmi ya murƙushe shi.

"Yaran maƙwabta ne," ya ce.

Karai Epifanio tsohon makanikin jirgin ruwa ne, tun da ya bar aiki ba shi da abin so sai tara tsofaffin bindigogin soja. Yana da kabad mai ƙofar gilashi a ɗakinsa, makullin a wuyansa. A ciki ya kunna ƙaramin ƙwan lantarki dare da rana, ya jera ƙunsoshin wani gishiri mai shanye laima, domin a cewarsa ruwa shi ne babban maƙiyin ƙarfe. Ko da jiƙaƙƙen hannu ba a shiga ɗakin.

Kwana huɗu kafin yammacin nan ya shigo da libarba, ƙaramar bindiga mai cin harsashi shida, a naɗe cikin tsumma. Karsana guda ya ba jikan wani tsohon soja aka ba shi ita. Abokinsa Anacleto ya juya ta a hannu yana dariya.

"Epifanio, kai fa tsufa ya fara taɓa ka. Irin waɗannan akwati-akwati aka fitar daga rumbun soja, kamar albasa. Karsana a kan wannan?"

"Jahili. Dubi lambar bakinta, dubi ta gindinta, duk ɗaya ce. Ba a taɓa canza mata ko ƙusa ba. Wannan ta je yaƙin Chaco, can dajin ƙaya, ta dawo."

"Ta dawo da tsatsa."

"Tsatsar ce ƙimarta. Kai da za ka samu, da yashi za ka goge ta kamar tukunyar matarka."

Daga ranar da terere ya bushe, gidan bai sake ganin faɗuwar rana lafiya ba. Da safe komai lafiya lau. Amma inuwar mangwaro na kaiwa bakin rijiya, sai randa ta fara sauka da kanta, kwanon kare ya bushe, jifa ta fara. Ba jifar fushi ba ce, ɗaya bayan ɗaya take zuwa, kamar ta mai neman a waiwayo shi. A tsakanin jifa da jifa akan ji wani numfashi mai kaushi daga wajen ɗakin maigidan, da murya ƙasa-ƙasa tana maimaita kalma ɗaya. Ruwa.

Rana ta uku abin ya sauka a kan Zunilda. Tana kwashe shanya ta zube a ƙasa, ta riƙe cinyarta ta hagu kamar wadda aka harba. Da aka ɗaga ta leɓunanta sun tsage, harshenta ya yi fari. Aka kawo ruwa, kofin na taɓa bakinta sai a ga babu komai a ciki. An kai ta asibiti, suka rataya mata ledar ruwa, ledar ta ƙare jikinta bai karɓi ɗigo ba. Likita ya ce a wuce da ita babban birni, Asunción. Ña Casilda ta dubi idon 'yarta da ya faɗa ciki, ta ce ba za ta kai ba, ta dawo da ita gida.

Ni ce mai jiƙa tsumma ina goga mata a leɓe. Ina zaune ina jin surukina yana kai da komo a bayan taga. Sau biyu na gan shi ya ɗebo ruwa a kofi ya nufi ɗakinsa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya daɗe, sannan ya watsar a gindin lemo. Ban gane ba. Ni baƙuwa ce, kunyarsa nake ji, ban tambaya ba. Har yau ina cizon yatsa a kan shirun nan nawa.

Rana ta shida Wilfrido ya hau babur ya ɗauko Karai Nicanor, dattijon da ya koyar da addini shekara talatin a ƙauyukan bakin kogi, ya san ganye, ya san addu'o'in da ba a cikin kowane littafi suke ba. Ya iso da carbinsa da ƙaramar jaka. Bai tambayi kowa komai ba. Ya sa aka fito da Zunilda tsakar gida a kan gadon igiya, aka ajiye bokiti cike da ruwa a gefenta, ya zauna yana jiran rana ta sunkuya.

Dutsen farko na faɗowa, ya ɗora tafinsa a goshinta.

"Wane ne a gidan mutane ba sallama?"

Bakin Zunilda ya buɗe, amma muryar ta saurayi ce, a dishe, kamar ana jan buhu a kan tsakuwa.

"Ya dawo?"

"Wa kake jira?"

"Kofur Benicio. Ya ce kafin rana ta faɗi."

Ña Casilda ta toshe bakinta da gyale. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce masa ya faɗi sunansa, da sunan Allah da ya halicce shi. Muryar ta ce Saturnino, ƙaramin hafsa, shekararsa ashirin. Ta ce an harbe shi a cinya a cikin dajin ƙaya, kwana uku babu ruwa. Kofur ɗinsa ya ce akwai rijiya gaba kaɗan amma abokan gaba na kusa da ita, ya ba shi aron libarbarsa ya je ya cika gora ya dawo. Saturnino ya ba shi. Ya kwanta yana kallon rana tana sauka, kofur bai dawo ba.

"Benicio ya mutu bara, da jikoki a kansa," in ji Karai Nicanor. "Yaƙin ya ƙare tun kafin a haifi uwar yarinyar nan. Me ta yi maka?"

"Ita ce mai zuba ruwa. Benicio matsoraci ne, amma kullum in rana za ta faɗi yana ajiye mini kofi a gefen bindigata. Shekara da shekaru bai tsallake ba. Maigidan nan kuwa ya kulle ni da wuta da gishiri."

"Bai sani ba, soja. Wanda bai sani ba ba a kama shi."

Wata irin dariya ta fito daga ƙirjin yarinyar, busasshiya.

"Tambaye shi. Jikan Benicio ya gaya masa har sau biyu, a bakin shinge. Ya ce kofin ruwa kowane yamma, kada ka manta."

Ña Casilda ta juya a hankali ta dubi mijinta.

"Epifanio?"

"Na ɗauka camfi ne, Casilda."

"Ranar farko ka ɗauka camfi ne. Rana ta uku fa, da 'yarka ta faɗi?"

"Ba ki san ƙarfe ba. Kofin ruwa a cikin kabad, wata ɗaya kawai, duk sauran ma za su..."

Wilfrido ya sunkuyar da kai yana kallon ƙasa, ni ma haka.

Karai Nicanor ya koma kan muryar. Ya ce za a riƙa ajiye masa kofi kamar da. Muryar ta ce ta gaji da kofin masu alkawari. Ta ce a ba ta yarinyar ta riƙa zuba mata har abada. Dattijon ya ɗora carbi a ƙirjin Zunilda ya karanta abin da ya karanta, jikinta ya banƙare, dattijon ya ce ranta ba na sojan ba ne, ba kuma na ubanta ba ne balle a yi cinikinsa. An daɗe ana ja. Daga ƙarshe muryar ta yi laushi.

"To a sa bindigata cikin ruwa. Tsirararta, ruwa na taɓa ta. Gobe a kai ta kogi, inda ba ya ƙafewa."

"In an yi haka za ka sake ta?"

"Zan sake ta."

Dattijon ya miƙa hannu. "Karai, makulli."

Surukina ya kai hannu wuyansa ya damƙe igiyar. Hasken rana saura kaɗan a kan bango. Numfashin Zunilda yana fita da ƙyar, kowa na jinsa.

"Bari in shafe ta da man giris tukuna," ya ce. "Minti biyar. Ko in cire katakon mariƙin, na asali ne, ba a samun irinsa. Ku jira ni, yanzu zan dawo."

"Ka ji ko, malam?" in ji muryar. "Haka wancan ma ya ce."

Ña Casilda ta tashi ta ɗauki taɓaryar da muke daka masara, ta shiga ɗakin da ba ta isa ta shiga da jiƙaƙƙen hannu ba. Muka ji tarwatsewar gilashi. Ta fito da libarbar a hannu, jini na bin yatsunta, ta sake ta cikin bokiti.

Ruwan ya fara sauka, muna kallo, da sautin haɗiya. Ya kai rabi ya tsaya. Zunilda ta saki dogon numfashi, muryar ta ce, can ƙasa, "Da sanyi." Ba ta sake cewa komai ba. Wata iska ta bi ta cikin mangwaro ta fita ta bayan gida wajen yamma. Karai Nicanor ya ɗebo ruwa a randa ya kai bakin yarinyar, muka ga maƙogwaronta ya motsa. Uwarta ta durƙusa a ƙasa tana kuka da godiya ga Allah.

Washegari dattijon da Wilfrido suka shiga kwalekwale har tsakiyar kogi suka jefa libarbar. Wasu sun ce kurwar mamaci ce, wasu sun ce aljanin dajin ƙaya ne ya ari muryarsa. Ni dai abin da na ji na faɗa.

Zunilda ta yi sati tana shan romo kafin ta iya tsayawa. Ubanta yakan zo bakin ƙofa da lemo a hannu, ta juya fuska bango. Wata rana ina taje mata kai ta ce mini, ba tare da ta waiwayo ba, "Ina ciki fa, yaya. Ba na iya motsi, amma kunnena na ji. Har da minti biyar ɗin."

Ƙarshen wata Ña Casilda ta ɗaure kayansu, ta ce za su je wurin ƙanwarta a Villarrica yarinya ta canza iska. Ba ta faɗi ranar dawowa ba, babu kuma wanda ya tambaya. Muka raka su tasha. Surukina ya ɗauki jakar Zunilda da kansa, ya ɗora a mota, ya tsaya a gindin taga yana murza hularsa.

"Zuni, 'yar Baba, ba za ki yi mini sallama ba?"

Ta dube shi, irin kallon da ake yi wa dattijon unguwa da aka haɗu da shi a hanya.

"Sai wata rana, Karai Epifanio," ta ce, ta ja gilashin tagar.