Dutsen da Aka Musanya

Ƙarfe tara na safe Sufeto ya shiga ɗakin ajiyar kamfanin neman mai. Akwatunan katako ne jere har rufi, kowanne cike da dogayen duwatsu masu kama da taɓarya, waɗanda aka ciro daga cikin rijiyar mai.

Matar da ta kira 'yan sanda, mai nazarin duwatsun, tana tsaye tana huci.

"Sufeto, a guntun nan ne baƙin dutse yake ƙarewa, dutsen yashi mai ɗauke da mai ya fara. Wata shida ina neman iyakar nan. Jiya na gan ta da idona, yau an ɗauke an ajiye min wannan tarkacen! Wai kuma ni na ƙirƙiri rahoto, gobe za a kore ni."

Sufeto ya sunkuya. Kowane dutse da layi biyu a jikinsa, ja a dama, baƙi a hagu. A sabon guntun, jan yana hagu. Ya goga yatsa, tawadar ta biyo shi.

Ya juya ga mai tsaron ɗakin. "Wa ya shigo jiya?"

"Wallahi ba kowa, ranka ya daɗe."

"To aljani ne ya yi zanen? Kar ka raina min hankali! Makulli nawa ne?"

Mutumin ya ce, "Ɗaya ne. Oga ya karɓa da yamma, ya ce in je in huta."

Oga shi ne shugaban sashen, dattijo mai furfura. Da Sufeto ya same shi a ofishinsa, ko kujera bai nuna masa ba.

"Rabona da ɗakin can wata guda. Yarinyar nan neman suna take yi."

Sufeto ya shaƙi iska. Tun shigowarsa wani wari kamar na kananzir yake dukan hancinsa. Ya zagaya teburin, ya fizgo aljihun ƙasa. Ga dutsen nan nannaɗe cikin tawul, rabi baƙi, rabi ruwan ƙasa, yana naso.

"Yi min bayani."

Oga ya cire tabarau.

"Bara ni na sa hannu cewa sai an ƙara mita ɗari biyu za a kai iyakar. Suka haƙa da lissafina, gas ya taso musu ba su shirya ba. Mutum biyu suka ƙone. Muka ce laifin direban injin ne. Dutsen nan zai nuna cewa laifin nawa ne."

"Direban fa?"

"Yana cikin mamatan."

Ran Sufeto ya ɓaci. "Ka ɗora wa gawa laifinka, yanzu kuma ka koma kan mai rai? Tashi!"

Da ankwa ta shiga hannunsa, Oga ya yi ƙasa da murya. "Don Allah, Sufeto, mu bi ta ƙofar baya. Shekara talatin ina koyar da mutanen nan."

"To yau ma za su koyi wani abu," in ji Sufeto.

Ya tura shi gaba, suka ratsa tsakiyar ofis, ma'aikata suna tsaye suna kallo.