An Sace Ƙofar Hajiya Rabi'atu

Bayan la'asar aka kawo rahoton sata daga wani bene a unguwar Utaibiyya da ke Makka. Insifekta Hudaifa aka tura, domin shi ne mai jin Hausa a ofishin. A Makka aka haife shi, amma kakarsa ba ta taɓa yarda a yi mata Larabci a gida ba.

A hawa na biyu ya tarar da wata gajeriyar dattijuwa zaune a bakin shaggarta, wato sashenta na benen. Bayanta zanin gado ne a rataye a madadin ƙofa.

"Sannu, ya khala," in ji shi, wato inna. "Me aka sace?"

"Ƙofa, ɗana. Sabuwa fil, ko ɗaura ta ba a yi ba."

Sunanta Hajiya Rabi'atu, turare take sayarwa. Ta ce a watan jiya masu kashe gobara suka zagaya benen, suka ce kowa ya cire ƙofar katako ya sa ta ƙarfe wadda wuta ba ta ci. Gobe za su dawo dubawa. Wanda bai sa ba, a yanke masa lantarki har sai ya sa.

"Tsohuwata na ciki, ba ta iya tashi. In na'urar sanyi ta tsaya a zafin nan, ina zan kai ta?"

Ta nuna bangon da aka jingine ƙofar tun safe. Mai ɗaurawa ya cire tsohuwar ƙofar, ya fita da azahar, ita kuma ta shiga ɗaki ta kwanta kusa da tsohuwa. Da ta farka, wayam.

Insifekta ya matsa jikin bangon, ya ja numfashi.

"Wannan ƙamshin fa?"

"Humra ce. Na turara ƙofar, na shafe ta ciki da waje. Mu a gidanmu tun muna Cadi, sabon abu ba ya shigowa sai an turara shi. Ko firij."

"Ƙofar tsare gobara kika kai wa garwashi?"

"Ai ka ga ba ta kama ba."

Ya danne dariya, ya sauka ƙasa.

Isa mai ɗaura ƙofofi yana tsaye jikin motarsa, yana ta gumi. Bayan motar babu komai sai tsohuwar ƙofar katako.

"Ina ka je da azahar?"

"Masallaci, yallaɓai. Ga shi can."

"Azahar ce har la'asar?"

"Na tsaya nafila."

"Da shinkafa a gemu?"

Isa ya shafa gemunsa, ƙwaya ta faɗo. Ya sunkuyar da kai. Ya ce gidan abinci ya wuce bayan salla, ya ci ya ƙoshi, barci ya sace shi a can.

"Amma wallahi ban ɗauki ƙofa ba. Ni da za a biya in na ɗaura?"

"In na gan ta, yaya zan gane ta?"

"Duk na benen nan launi ɗaya ne, girma ɗaya. Sai dai ramin leƙe. Hajiya ta sa na sauko mata da shi daidai idonta."

Insifekta ya koma matakala tare da ɗan sandan da ya rako shi. Daga ƙasa zuwa hawa na biyu dutsen sumul yake. Amma daga bakin shaggar Hajiya zuwa sama, kowane taki an kankare gefensa, ga fenti ruwan toka a manne.

"Tayyib," in ji shi. "Ɓarawonmu sama ya gudu."

A hawa na uku ƙofofi biyu ne. Ɗaya ta ɗan yi ƙura. Ɗayar tana sheƙi, ga garin siminti a ƙasanta ba a share ba. Ya ƙwanƙwasa.

Wani dogon mutum ya buɗe, sai da ya rusuna kafin ya leƙo. Munzali ne, mai gyaran na'urar sanyi.

"Mabruk, an yi sabuwar ƙofa."

"Allah ya yi albarka, yallaɓai. A Rusaifa na saya, tun satin jiya."

"Yau ba ka ji motsi a matakala ba?"

"Ko kaɗan. Barci nake."

Insifekta ya kai hancinsa jikin ƙarfen.

"Malam Munzali, aure ka yi ba ka gayyaci maƙwabta ba?"

"Ni? Gwauro ne ni."

"To wace amarya ce ta jingina da ƙofarka?"

"Haka... haka take zuwa daga kamfani."

"Da humrar Cadi? Kamfanin nan na da son mutane. Shiga ka rufe, ka leƙo ka faɗa mini yatsu nawa na ɗaga."

Munzali ya shiga ya rufe. Can aka ji gwiwa ta bugi ƙarfe, ƙum.

"Ka gani?"

"Bel ɗinka nake gani, yallaɓai," in ji murya daga can ƙasa.

Ɗan sandan ya juya baya yana tari. Daidai nan Hajiya ta ƙaraso tana haki. Ko tsayawa duba ba ta yi ba, ta ɗora ido kan ramin ba tare da ta yi ɗage ba.

"Munzali! Kai da nake aiko wa tuwo duk Juma'a?"

Ya buɗe, ya durƙusa.

"Ki yafe mini, Inna. Sakaci na yi. Da na je wajen maƙera suka ce sai bayan Hajji. Na sauko na gan ta a jingine, shaiɗan ya ce mini aro ne. Na yi niyya in sun duba tawa in sauko miki da ita kafin su iso gare ki."

"Daga ƙasa suke farawa," in ji Insifekta.



Ɗan sandan ya matso. "Yallaɓai, ƙofar shaida ce. Sai mun tafi da ita ofis."

Hajiya ta dafe ƙirji. "To tsohuwata fa?"

Insifekta ya ciro waya, ya ɗauki hoton ƙofar gaba da baya, har da ramin leƙen.

"Khalas, shaida ta shiga aljihu. Munzali, ɗauko kayan aikinka. Yadda ka hau da ita haka za ka sauko da ita. A kira Isa ya kama maka, ya ci ya ƙoshi."

Kafin magariba ƙofa ta tsaya a mazauninta. Hajiya ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe, sanyin ɗaki yana fitowa yana komawa. Ta leƙa ciki ta ɗaga murya, "Iya, an ɗaura!"

Aka sa Munzali gaba aka nufi mota. A bakin bene ya tsaya, ya waiwayo.

"Yallaɓai, ni gobe fa? Ba ni da ta ƙarfe."

Insifekta ya buɗe masa mota.

"Kada ka damu. Inda za ka kwana akwai ta ƙarfe, kuma ta cika ƙa'ida."