Lamba Goma Sha Bakwai

Ana fitowa sallar la'asar ranar Talata, Madam Nasiba ta faɗo komisariyar Keita, wato ofishin 'yan sanda, da farar rigar aiki a jikinta, tana haki. Ita ce ungozomar wata ƙaramar matanite, asibitin haihuwa da ke bakin gari.

"Yallaɓai Insifekta, an ɗauke mini na'ura!"

Insifekta Sabi'u Maiguwa ya ture kofin shayinsa gefe. "Zamna, Madam. Wace na'ura?"

Ta yi bayani tsaye. Abu ne mai tsawon ludayi, da fitila da idon kamara a baki. Wani mai gyaran kayan asibiti a garin, Surajo, shi ya ƙera ta, likitoci suka gwada suka amince. Da ita ake ɗaukar hoton bakin mahaifa, a aika wa likitar mata a Tawa, ta duba ko ciwon daji ya fara kamawa.

"Mata ishirin da ukku na duba yau, ban kai ga aika hoto ko guda ba. Wasu daga Garhanga sunka zo bisa amalanke. Ba su komowa, na san su. Kuma lamba goma sha bakwai..." Ta matso kusa da teburinsa. "Abin da na gani gare ta bai yi mini ba. In anka kama shi yanzu, ana warkewa."

Sabi'u ya ɗauki hularsa. Wannan ciwo ne ya ci mahaifiyarsa shekara shida da suka wuce, ba a gano shi ba sai da ya gama ɓarna.

A ɗakin duba mata ya tsaya yana kallon tebur. Wayar Madam na nan, cajar na'urar na nan, har akwatinta an rufe shi an daidaita masa zama.

"Ɓarawon da ya bar waya," ya ce a hankali. "Wanga ba saidawa za shi yi ba."

Ya sa aka kira mai gadi, wani dogo mai rawani, Alƙasim.

"Ina kake da azahar?"

"Nan bakin ƙohwa, shef. Ko ƙuda bai shiga ba."

"Ka yi salla?"

"Subhanalla! Ni da ke sahun gaba?"

"Masallacin yana bakin ƙohwar?"

Alƙasim ya sosa ƙeya ta ƙarƙashin rawani. Daga nan ya tuna. Yana dawowa daga masallaci ya ci karo da wata dattijuwa tana fitowa, ta ja lulluɓi har hanci. Ta ce goronta ta mance.

"Hannunta na cikin zane, kaman mai ɓoyon kaza. Ni kau ban bincikar tsohuwa, shef."

Shagon Surajo na bayan tashar mota, cike da wayoyi da batura. Da ya ji labari sai ya zauna a kan benci. Shekara biyu ya yi yana haɗa abin nan.

"Ka je matanite yau?" Sabi'u ya tambaya.

"Ban tahi ba."

"Madam ta ce kai ka kawo na'urar da sahe, bayan ka canza mata batir."

"Awo... na miƙa dai."

"Ta ce ta taga ka miƙo. Ɗakin yana da ƙohwa, Surajo."

Surajo ya sunkuyar da kai. Sabi'u ya ƙura masa ido, sai wani abu ya faɗo masa. Shi ma yana da mata, ya san irin hanyar da namiji kan canza ba shiri.

"Wa ka gani cikin layin mata?"

"Uwar iyalina. Ban san ta zo ba. Na kewaya ta baya, amma ta gan ni da akwatin."

"Sunanta?"

"Haba, Insifekta."

"To, rubuta."

Ya rubuta a bayan kwalin batir: Jaratu, Garhanga. Sabi'u ya buga wa Madam waya ya karanta mata. Ya ji tana buɗe rajista, sannan ta yi salati.

"Ita ce goma sha bakwai."

Washegari da hantsi motar 'yan sanda ta hau hanyar duwatsu zuwa Garhanga, Madam a gaba, Surajo na biye a kan babur, nesa-nesa. Suka tarar da Inna Jaratu tana sussukar hatsi a tsakar gida. Mace ce gajera mai ƙarfin kafaɗa, cikin matan da suka ɗauki duwatsu a ka lokacin aikin raya ƙasa. Surajo ya tsaya bayan danga, ya juya baya.

Sabi'u ya gaishe ta. "Inna, ina kwana? Kin je likita jiya?"

"Na tahi, ɗana. Anka duba ni, na komo gida tun da hantsi."

"Goron da kinka mance hwa, kin same shi?"

Taɓaryar ta tsaya a sama. Ta sauke ta a hankali.

"Ni ban cin goro," ta ce. Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa, ta zauna a gefen turmi.

Sabi'u ya tsuguna gabanta, ya cire hula. "Inna, ban zo da ankwa ba. Mi ya sa?"

Ta ajiye taɓaryar a ƙasa.

"Sai da anka gama, wata a layi ta ce mini abin hoto yake ɗauka. Ta ce mai shi yana buɗe cikinshi in ya tashi gyara. Mai shi kau..." Ta nuna danga da haɓa, ba ta kalla ba. "Mijin ɗiyata ne. Shekara tara ban taɓa cin abinci gabanshi ba. Ko sunanshi ban kama ba. Shi ne za shi ga inda na haiho matatai? Gara ciwon shi kashe ni, ɗana."

Madam Nasiba ta share ido da bakin rigarta. "Laihina ne, Inna. Da na yi miki bayani tun hwarko."

Daga bayan danga muryar Surajo ta taso.

"Insifekta, ka hwaɗa mata, ni na sa wa abin makulli da hannuna. Da yatsan Madam kaɗai yake buɗewa, sai likita ta Tawa, ita ma mace ta. Babu suna ciki, babu huska, lamba ce kawai. Wallahi ban taɓa ganin hoto ko guda ba. Ni ma uwa ta haihe ni."

Sabi'u ya maimaita mata kalma-kalma, kamar ba ta ji ba. Haka ya kamata.

"Ka hwaɗa mishi na ji," ta ce.

Ta tashi ta taka dutsen rumbu, ta zura hannu cikin dammunan hatsi. Ta fito da ƙunshi: zanen sallarta, an naɗe shi ninki uku. Madam ta ɗora yatsa, fitilar ta kama. Hotuna ishirin da uku, duk suna nan.

"Na so in jehwa shi rijiya," Inna Jaratu ta ce. "Sai na tuna sauran mata na ciki."

Madam ta kama hannunta, ta ja ta gefe, ta faɗa mata abin da ta gani jiya, ba ɓoye-ɓoye. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, ba ta ƙifta ido ba.

Sabi'u ya mayar da hularsa. "Inna, doka ta ce in tahi da ke. Za ki dangwala hannu a takarda, Madam ta janye ƙara. Daga nan motag ga ba ta tsayawa sai Tawa."

Ta rufe turmi da faifai, ta gyara lulluɓi. A bakin mota Madam ta miƙa hannu za ta karɓi na'urar. Inna Jaratu ta shiga ta zauna, ta mayar da ita cikin zanen, ta ɗora a cinya, ta danne da hannu biyu.

"Bari. Ni za ni kai ma likita abina da kaina."

Ta dubi Insifekta ta madubi.

"Ka hwaɗa mishi shi biyo mu. Amma daga nesa."