Shirun Ɗakin Umma

Rigimar ta tashi ne da hantsi a ɗakin tace fim, saura wata guda a ɗaura musu aure.

Auta ce mai ɗaukar sauti. Darakta kuwa shi ne mai fim ɗin, kuma shi ke riƙe da zuciyarta shekara uku ke nan. Mutum ne mai kirki har sai an zo maganar aiki. Daga nan ko faɗuwa ka yi a gabansa, sai ya fara duba ta inda haske ya fi kyau kafin ya ɗaga ka.

A aikinsu akwai wata ƙa'ida. Duk ɗakin da aka yi ɗauka a cikinsa, in an gama sai kowa ya fita, a bar na'ura ta ɗauki shirun ɗakin na minti ɗaya. Kowane ɗaki da irin shirunsa, kuma da shi ake cike giɓi tsakanin maganganu don kada kunne ya ji wurin ɗinkin. Ranar ƙarshe a gidan su Auta aka yi ɗauka, a ɗakin marigayiya Umma, saboda Darakta ya ga tagar ya ƙyasa. Auta ta rataye makirufo bayan labule, ta kunna na'ura, ta kori kowa. Sai aka kira ta waje wai wata waya ta ɓata, ta shagala har minti ashirin.

A cikin mintunan nan Baba ya shiga ɗakin, a zatonsa baƙi sun watse.

Sai yau suka ji abin da na'ura ta ɗauka. Ƙarar kujera, dogon numfashi, sannan muryar Baba, mutumin da ko ranar rasuwar matarsa ba wanda ya ga hawayensa. Yana ba ta haƙuri an taɓa mata kaya. Yana gaya mata ya sa wa keken ɗinkinta mai.

"Autarki za ta tafi..." in ji muryar. "Na nuna mata ina murna, kuma wallahi ina murnar. Amma in ta tafi, motsin wa zan dinga ji a gidan nan?"

Daga nan sai kuka, irin na wanda bai saba ba.

Auta ta cire abin kunne. Da ta waiwaya ta ga idon Darakta ya cika da ƙwalla, amma a ƙarƙashin ƙwallar akwai wani ƙyalli da ta sani sarai. 

Ya fara a hankali. Ya tuna mata fitowar ƙarshe ta fim ɗin, inda tsoho ke zaune ya juya wa kyamara baya, wadda suka maimaita sau goma sha ɗaya ba ta yi rai ba. Ya ce duk fitowar da ke bin mutum har gida bayan ya bar sinima, wadda zai tuna bayan shekara ashirin, ba kiɗa ne ke yin ta ba, ba ihu ba. Wani abu ne na gaskiya da ya kuɓuce ya faɗo ciki. Ga shi Allah ya kawo musu har ɗaki.

"Sanyin idona, in muka ɗora muryar nan, mutane za su fito ba su iya kallon juna."

"Babana ne fa."

"Ba wanda zai gane shi."

"Shi zai gane kansa."

Ya riƙe hannunta, ya ce to ta tambaye shi mana, in ya ƙi magana ta mutu. Auta ta san bai kamata ta je ba. Amma tana son Darakta, so mai sa mutum ya yi wa kansa ƙarya, don haka ta ɗauki jakarta ta tafi.

Ta tarar da Baba a ɗan shagonsa na ƙofar gida, gilashin duba agogo maƙale a ido ɗaya, yana cakular cikin wani agogon hannu. Ya tsokane ta, wai yau 'yan fim sun sake ta da rana, ko kyamarar ce ta gaji da su? Ta zauna a benci ta gaya masa komai, tana kallon ƙafarta.

Bai katse ta ba. Ya cire gilashin ya ajiye. Ɗan ƙaramin sukurun da ke tsakanin yatsunsa ya faɗi, bai nemi inda ya gangara ba.

"Ke ma kin ji?"

"Na ji, Baba."

Ya mai da kallonsa titi. Can ya ce in dai zai taimaki yaron, su sa, shi ba ya son abin da zai kawo saɓani tsakaninsu ana dab da biki. Har murmushi ya yi mata. Ta miƙe za ta tafi, sai ta ji ya ce a hankali, kamar da agogon yake:

"Sai dai yanzu ban san inda zan dinga yi mata magana ba."

Ko da ta koma, Darakta har ya ɗora muryar a kan hoton don gwaji. Kuma gaskiyarsa ce, abin ya yi kyau har ya ba ta tsoro. Ya tarye ta da zumuɗi yana tambaya ko Baba ya yarda.

"Ya yarda. Ni ce ban yarda ba."

Ta zauna ta goge muryar daga fim ɗin, ta goge ta daga kwamfuta, ta goge ta daga katin na'ura, yana tsaye a kanta. Ya roƙe ta, ya kira ta da duk sunayen da ya saba narkar da ita da su. Da ya ga ba ta juyo ba, ya ce ta kashe masa abu mafi kyau da zai taɓa yi a rayuwarsa, kuma bai san ko zai iya mantawa ba.

"Ni ma ban san ko zan manta ba," ta ce. "Baba na kuka, kai kana auna inda zai dace."

Ya ɗauki makullinsa ya fita. Bai buga ƙofa da ƙarfi ba, kuma hakan ya fi yi mata ciwo. Ta kifa kai a tebur ta yi kukanta, domin har yanzu tana son sa.

Da yamma ta isa gida. Ƙofar ɗakin Umma a buɗe take. Ta hango Baba a ciki yana ɗaga labule yana leƙa bayansa, ya duba ƙarƙashin keken ɗinki, ya shafa saman kabad.

"Babu komai, Baba. Na kwashe duka, na kuma goge."

Ya gyaɗa kai ya zauna a kujerar.

Auta ta ja masa ƙofar. Ta wuce tsakar gida, ta tura bokitin ƙarfe ƙarƙashin famfo, ta buɗe ruwan har ƙarshe. Ta kunna rediyo ta ƙure murya, don in Baba ya yi magana a ciki kada kowa ya ji. Ita da ta fi kowa sanin yadda ƙara ke binne magana, ta zauna a bakin famfon tana wanke kwanukan da tun safe a wanke suke, hawaye na sauka a hannunta.

Bokitin ya cika ya tumbatsa, ba ta rufe ruwan ba.